Baka a Hannun Wanda Yaƙi Ya Raunata

A ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, likita Ludwig Guttmann ya tara tsofaffin sojoji 16, maza 14 da mata 2, a harabar asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Dukkansu masu ciwon laka ne, kowa a kan kekensa. Kwari da baka aka danƙa musu, suka yi gasar harbi. Daga wannan 'yar gasa ne wasannin Paralamfik suka samo asali.

Mutumin Bagwai ba baƙon baka ba ne, domin maharbi tsohon mai daraja ne a ƙasarmu. Duk da haka, da za a kai wannan labari majalisar dattawa, sai an sami mai tambaya: shin daidai ne a mayar da makami hannun wanda makami ya nakasa?

Tambayar tana da nauyi. Ƙarar bindigar gasa na iya tayar wa soja mikin da ke zuciyarsa, shi ya sa ba a tilasta wa kowa. Haka nan lambar zinare ba ta biyan kuɗin magani, kuma hukuma na iya fakewa da ita ta manta da haƙƙin fansho.

Sai dai mu dubi yadda mu kanmu muke karɓar wanda ya dawo daga Borno ba ƙafa. Mukan shimfiɗa masa tabarma a zaure, mu yi masa sannu, mu hana shi ɗaukar ko da buta. Tausayi ne, amma tausayin da ke sanar da mutum kullum cewa tasa ta ƙare. Harsashi ya ɗauke ƙafa, mu kuma mun ƙarasa da mutuncinsa.

Allon harbi kuwa bai san sannu ba. Kibiya ko ta sami tsakiya ko ta kauce, kuma ba ruwanta da wanda ya sake ta, a tsaye yake ko a zaune. Abin da take nema shi ne riƙe numfashi, natsuwar hannu da haƙuri, wato abubuwan da rauni kan fara kwashewa. A fagen fama umarni ke ja masa kunama. A nan shi ke zaɓar lokacin saki, kuma babu ran da zai salwanta.

A 2023 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni, a birnin Düsseldorf na Jamus, inda harbin baka ke cikin wasannin. Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram, ya ciwo zinare a ɗaga nauyi.

Bagwai ba ta da filin gasa irin na Jamus, amma tana da maharba, tana da fegi bayan kaka. A kafa allo, a miƙa wa sojan baka, in ya kuskure a faɗa masa ya kuskure.