Laifin Iri Ko Na Manomi?

Kalmar "iri" tana da fuska biyu a Hausa. Iri shi ne abin da manomi ke adanawa domin shukar baɗi, iri ne kuma asalin mutum, shi ya sa idan ana son yanke wa wani hukunci cikin gaggawa sai a ce, "Ai irinsu ne." Tambayar da wannan maƙala ke son tayarwa ita ce: idan abu ya ɓaci, wa ke da laifi, irin ko wanda ya rene shi?

Za mu ɗauko misali daga nesa, daga sana'ar da ba tamu ba, wato giyar inabi ta kudancin Faransa. Musulmi ba ya shan ta, amma babu abin da ya hana shi nazarin tarihinta. A yankin Langedok akwai tsofaffin ire-iren inabi kamar Girenash da Sanso da Karinyan. Bayan da Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, giyar da ake kawowa daga can ta ragu, sai manoma suka duƙufa shuka Karinyan a filayen kwari masu ni'ima, saboda yana zubo 'ya'ya ba ƙaƙƙautawa. Zuwa 1988 babu inabin da ya kai shi yawa a duk Faransa. Sai dai abin da ake matsowa daga gare shi ya zama mai tsami da bauri, maɗanɗana suka yi ittifaƙi cewa mugun iri ne, har hukumomin Turai suka riƙa biyan manoma kuɗi domin su tumɓuke shi.

Daga baya aka koma kan tsofaffin kuringun da suka tsira a kan tuddai masu tsakuwa, waɗanda ba sa ba da 'ya'ya sai kaɗan. Masu wannan sana'a suna da al'adar rufe sunan kwalba kafin su kwatanta, domin kada suna ya riga harshe yanke hukunci. Da harshe ya sami 'yancinsa, sai ga Karinyan na kan tudu yana shan yabo. Ashe ba halin irin aka ɗanɗana tun farko ba, haɗamar wanda ya tilasta masa haihuwa fiye da ƙima aka ɗanɗana.

Mai musu zai ce, to ina muka kai karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe? Yana da gaskiyarsa. Karinyan bai rabu da tsaminsa ba ko a kan tudu. Abin da ya sauya shi ne tsamin ya sami abokan zama, ya koma ado. Iri yana ba da hali, reno ne ke zaɓar inda halin zai faɗa. Kuma Bahaushen da ya yi maganar barewa, shi ne dai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

A nan Shabu, inda Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa take, ana koya wa ɗalibi cewa ba a yanke wa iri hukunci da gona ɗaya ko damina ɗaya. Sai an shuka shi a fegi daban-daban, wani da taki wani babu, an kuma maimaita. Abin mamaki, wannan adalcin da muke yi wa masara ba mu cika yi wa maƙwabci ba. A ƙasar da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, laifin mutum guda kan isa a shafa wa dukan danginsa baƙin jini, ba tare da an tambayi yadda ya tashi ba, ko wace makaranta ya samu, ko wadda ya rasa.

Matan da ke dakan sakwara a Lafiya sun fi mu taka-tsantsan. Sun san sunayen doya sarai, Ogoja ce ko Aloshi, amma sunan kaɗai ba ya sa su kwance bakin zane. Sukan tambayi inda aka noma ta, da ko an ɗura mata takin zamani, domin a ganinsu doyar da aka cika wa taki takan yi girma, amma ba ta danƙo a turmi, ba ta kuma jimre ajiya.