Irin da Ke Barci Bai Mutu Ba

Karatu: Farawa 41:37-46

A yankin Namakwaland na Afirka ta Kudu, ƙasa takan bushe ƙurmus watanni da yawa. Amma in ruwan lokacin sanyi ya sauka, a watan Agusta da Satumba sai furanni su lulluɓe filayen. Irinsu yana kwance cikin ƙasa tun bara. Ko ruwa ya taɓa shi da zarar ya faɗi, yawancinsa ba ya tsirowa. Sai zafin rani ya gasa shi tukuna yake farkawa. Da ya tsiro da ɗan yayyafin rani, da rana ta ƙone shi.

Wataƙila ka yi azumi, ka yi addu'a saboda aiki, haihuwa ko tuban ɗanka, har yau shiru. Shaiɗan yana raɗa maka cewa alkawarin ya mutu. Ƙarya yake yi! Yusufu yana ɗan shekara 17 ya yi mafarkinsa, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Bauta da kurkuku su ne ranin da ya shirya shi riƙon Masar.

Kada ka tone irinka da gunaguni ko zuwa wurin boka. Wanda ya shuka shi ya san ranar ruwa. Halleluya!

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni haƙuri cikin zafin nan. Ruhu Mai Tsarki, ka farkar da alkawarinka a lokacinka, cikin sunan Yesu. Amin.