Sabo Ake Yi wa Kuka: Rabuwa da Tsohuwar Kwamfuta

'Yan'uwa, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa manhajar Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Malamai da ɗalibai a Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda da dama cikinsu na hannu suka saya, suna ganin ranar rabuwa ta matso. Shin ya dace mutum ya yi baƙin ciki saboda ƙarfe da roba?

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Cikin wannan na'ura akwai daren da aka raba ana rubuta aikin makaranta, da hotunan iyayen da suka riga mu, da gumin da aka zubar kafin a saye ta. Jin zafin rabuwa da ita godiya ce, ba laifi ba. Amma godiya tana da hakki, kuma hakkin nan kashi biyu ne.

Na farko, amana. Wasiƙun mutane, sakamakon jarrabawar yara da lissafin kuɗin ƙungiya suna nan a ma'ajiyarta, kuma gogewa ta sama-sama ba ta kawar da su. A kwashe abin da ake bukata, a sa masani ya share sauran sarai kafin ta canja hannu. Asirin wani ba kayan gwanjo ba ne.

Na biyu, makomarta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tsofaffin na'urori na ɗauke da dalma da sauran guba. Idan 'yan gwangwan suka ƙone wayoyin don ciro tagulla, su ne ke shaƙar hayaƙin, ruwan damina kuma ya kwashe tokar zuwa fadamun shinkafa da Gulbin Rima, inda masunta ke neman abinci. Mun ga abin da dalmar ma'adinai ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka mutu. Irin wannan ɗabi'a ta amfani-a-yar ce marigayi Paparoma Francis ya yi gargaɗi a kanta cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015.

Saboda haka kada mu yi gaggawa. Sabon batir, ko manhaja mara nauyi irin Linux, kan ƙara mata shekaru a hannun ɗalibin da ba shi da ko ɗaya. In ta mutu murus, a kai wa mai gyara ya amfana da sassanta. Kada a jefa ta a juji ko a wuta. Abin da ya yi mana hidima da aminci, kada mu bari ya zama cuta ga ɗan maƙwabci.