DARAJAR RUWAN RANDA

 Yau ina so mu yi shawara a kan wata tambaya wadda ta yi kama da wasan yara, amma manya da yawa sun tsufa ba su amsa ta ba. Shin mutum yana da laifi in alheri ya same shi bai kula ba?

Ga abin da ya jawo maganar. Wata rana da hantsi na shiga aji, na ce wa yara kowa ya ɗauki alƙalami ya rubuta mini abu guda mai daɗi da ya same shi tun daga asuba zuwa lokacin nan. Sai aji ya yi tsit. Wani ya dubi rufin ɗaki, wani ya shiga taunar gindin alƙalami, wani kuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai yau ba abin da ya faru." Da na karɓi takardu sai na tarar yawancinsu farare fat. Yaro ɗaya kaɗai, wanda ma ba ya cikin masu zuwa na ɗaya, ya rubuta cewa da ya gama sharar ƙofar gida ƙishirwa ta kama shi, ya buɗe randar uwarsa, ya kamfato ruwa da moɗa, ya ji sanyinsa har cikin ƙirji. 'Yan'uwansa suka bushe da dariya. Ni kuwa na ce a raina, yau ga wanda ya fi kowa arziki a ajin nan.

Don me na ce haka? Don kuwa dukansu sun sha ruwa da safen nan, dukansu sun farka da idanu biyu suna gani, an gaishe su sun amsa, an ba su koko ko ɗumame sun ci. Rabonsu ɗaya ne, amma mutum ɗaya ne ya san an ba shi wani abu. Sauran sabo ya rufe musu ido, kuma masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Abin da kake samu kullum, sannu a hankali sai ka daina ganinsa, har ka ɗauka dole ne a ba ka.

Ku dubi gishiri. Ba ku taɓa jin an tashi daga cin tuwo an ce, "Madalla da gishirin miyan nan" ba. Amma ran da uwargida ta manta ba ta sa ba, tun lomar farko maigida zai ɗaure fuska, yara su tsame hannu. To, wannan ɗan abin da ba a yi wa godiya, kun san wahalar da kakanninmu suka sha kafin ya iso musu? Bayan damina ta wuce, Buzaye kan haɗa ayarin raƙuma daga ƙasar Azbin, su ɗauki gero, su ratsa hamadar da ake kira Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar da ta fi mil 300, yawancinta ba ciyawa ba inuwa, har abincin raƙuma sai an ɗauko shi tun daga gida. Can su musanya geron da dabino da kantun gishiri, su sake ratso hamadar, sa'an nan su gangaro kudu zuwa Damagaram da Kano. Yanzu gishirin buhu ya cika kasuwa, ayarin kuwa ya ragu ƙwarai, amma darasin yana nan: babu wani ƙaramin alheri da ke shigowa gidanka wanda ba gumin wani a jikinsa. Ko ruwan randar nan, wani ne ya haƙa rijiyar, wata ce ta gina randar ta gasa ta, wata kuma ta tashi tun da duhu ta jawo guga kana barci.

A kan hanyar ayarin nan akwai wani labari da ya kamata ku sani. Tsakiyar Tenere, inda za ka yi kwanaki kana tafiya ba ka ga ko kara a tsaye ba, an yi wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tak. Ba ta da girma, ba ta da 'ya'yan ci, da a bayan garinku take da ko akuya ba za a ɗaure a gindinta ba. Amma madugai sun san darajarta, don ita ce alamar hanya. Sukan yada zango kusa da ita cikin sanyin dare, suna bukatar itacen dafa shayi, duk da haka ba mai karya reshenta, ba a kuma barin raƙumi ya ci ganyenta. Sa'ad da aka haƙa rijiya kusa da ita wajen 1939, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa ƙasa fiye da ƙafa 100 suna neman ruwa. Haka ta tsaya shekara da shekaru cikin amanar matafiya, har 1973, sa'ad da wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi, alhali ga fili iyakar ganin ido ta kowane gefe. Aka kwashe gangar jikinta aka kai gidan ajiye kayan tarihi na Yamai, aka kafa itaciyar ƙarfe a gurbinta. Ku lura da bambancin mutanen nan biyu. Madugu ya san abin da rashin inuwa ke nufi, saboda haka ya tsare ta. Mai mota kuwa bai kula da ita ba.

Haka al'adar ɗan Adam take, ba ya sanin darajar abu sai ya kuɓuce masa. Waɗanda suka ga yunwar 1914, wadda mutanen ƙasar Kano suka sa wa suna Kakalaba, sun ba 'ya'yansu labarin yadda aka riƙa tonon gidan tururuwa ana neman ƙwayar hatsi, kuma har suka koma ga Allah ba su iya ganin tsaba a ƙasa su wuce ba su tsince ta ba. Wanda haƙori ya hana shi barci dare ɗaya, shi ya san lafiya uwar jiki ce. To, amma dole ne sai mun jira masifa ta zo ta koya mana? Mai hankali shi ne wanda ya san darajar abu tun yana hannunsa. Wannan kuwa ilmi ne da ake koyo kamar yadda ake koyon lissafi, ta wurin yi kullum.

Na san akwai mai wayo a cikinku da zai ce, "Malam, in muka zauna muna yabon ruwan randa da inuwar bishiya, yaushe za mu ci gaba? Ai wannan shi ne abin da ke sa mutum ya gamsu da talauci." Tambayar tana da kyau, ba zan kuwa raina ta ba, don lalle akwai malalata da ke fakewa da sunan wadar zuci. Amma ku ji wannan. Wani malami a ƙasar Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba, ya tsaya ya lura da abin da kowa ya sani bai kula ba, watau sanyin ruwan randa. Dalilinsa shi ne jikin tukunyar ƙasa yana da 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan kuwa ita ke janye zafi daga ciki. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da gauta da alayyafo da kan lalace cikin kwana kaɗan sai suka riƙa daɗewa, manoman ƙauyukan da ba lantarki suka daina sayar da kayansu da hasara don tsoron ruɓewa. A 2000 aka ba shi babbar kyautar Rolex saboda wannan aiki. Da ya raina randar uwarsa, da bai taɓa tambayar dalilin sanyinta ba. Ashe lura da ƙaramin alheri ita ce ƙofar ilmi, don mutum ba ya binciken abin da ya raina, ba ya kuma gyara abin da bai san darajarsa ba.

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu ta fari. A ganina, i, wanda alheri ya same shi bai kula ba yana da laifi, laifin kuwa biyu ne. Na ɗaya, ya cuci kansa, don ya kwana cikin ni'ima yana jin shi matalauci ne, kullum idonsa na kan abin hannun wani, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Na biyu, ya cuci waɗanda suka yi masa wahala, don ya ci guminsu bai ko ɗaga ido ya dube su ba. Wannan na biyun shi nake ji muku tsoro, ku masu karatu. Sau da yawa yaro kan dawo hutu da 'yan kalmomin Turanci a baki, ya dubi tuwon uwarsa ya yatsine fuska, ya ji kunyar kaushin hannun ubansa, alhali da kaushin nan aka saya masa littafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Masallaci da coci duk sun koya muku godiya ga Allah kafin ku sa hannu a akushi, to, ku haɗa da godiya ga hannun da ya tuƙa.

Ga ɗan aikin da zan ba ku, ba kuwa za a duba shi da jan alƙalami ba. Kowane dare kafin ku kwanta, ku tuna abu uku masu daɗi da suka same ku a yinin, kome ƙanƙantarsu: ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ko gaisuwar tsohuwar da ke sayar da ƙosai, ko lissafin da ya ƙi fita jiya ya fita yau. Sa'an nan ku tambayi kanku, ta hannun wa wannan ya zo mini? In mutumin yana kusa, gari na wayewa ku je ku ce masa an gode, don yaba kyauta tukwici. Allah ya ba mu idon ganin alheri tun yana hannunmu, amin.