Tiyatar Rage Ƙiba: Magani Ce ko Taɓa Halittar Allah?

Jama'a, a wurinmu Hausawa tumbi alamar arziki ne. Mutum ya yi teɓa sai a ce Alhaji ya samu wuri. Amma akwai ƙibar da ta zama ciwo: ga siga, ga hawan jini, gwiwa ta ƙi ɗaukar jiki har sai an yi salla a kan kujera. Irin wannan ne likitoci kan yi wa tiyata, musamman idan ma'aunin nauyi da tsayi da suke kira BMI ya kai 40, ko 35 tare da ciwon siga. A wani nau'in aikin ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, sai mutum ya ƙoshi da ɗan abinci kaɗan.

To, wasu a nan Sabo suna cewa wannan sauya halittar Allah ne. Mu dai a fahimtarmu, abin da aka hana shi ne taɓa jiki don ado da yaudara. Gyara abin da ya lalace kuwa magani ne. Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Jiki amana ne, wanda ya ceto shi daga halaka bai ci amana ba.

Sai dai fa wuƙar likita tumbi take yankewa, kwaɗayi yana nan inda yake. Da yawa sigarsu kan sauka, wasu har su bar magani, amma wanda ya koma wa lemon kwalba da maiƙo nauyin na iya dawowa. Ga haɗarin zubar jini ko ɗinki ya yi yoyo, ga shan ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 har ƙarshen rayuwa. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla shekara guda. Azumi ma sai an tuntuɓi likita.

Saboda haka wanda ya gwada rage ci da tafiyar ƙafa abin ya faskara, ƙwararren likita kuma ya ba shi shawara, ya yi istihara ya je. Mu kuma mu daina yi masa dariya a majalisa ko ce masa rago, mu je dubiya kamar yadda muke zuwa wa kowane majinyaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.