Shaidar Ganin Wata Amana Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya zauna a Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana zai tuna yadda yammacin 29 ga Sha'aban yake kasancewa. Tun daga 1957, da aka buɗe masaƙar farko a wannan ƙetare na kogin Kaduna, unguwar ta cika da ma'aikata daga ko'ina, kowa da garinsu, kowa da malaminsa. Amma idan rana ta kusa faɗuwa sai a ga jama'a tsaitsaye a ƙofofin masallatai da bakin layin dogo, an fuskanci yamma. Bayan lisha kuma a kewaye akwatin rediyo, ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Yau yawancin masaƙun nan sun rufe, masu ɗaga kai sama kuma sun yi ƙaranci. Kafin liman ya sallame sallar magariba, saƙo ya riga ya zagaya Kakuri da Makera da Nasarawa ta wayar hannu, wai wata ya tsaya a gari kaza. Ba a san wanda ya gani ba, balle wanda ya karɓi shaidarsa. Washegari sai a wayi gari cikin gida ɗaya wani yana azumi, wani yana karin kumallo. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin kuskuren kwana ɗaya yana iya sa al'umma ta ci abinci da rana tsaka cikin Ramalana, ko ta yi azumi a ranar Idi, wanda yake haramun ne.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari sakaka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rataya ɗaukar azumi da ajiye shi ga ganin jinjirin wata, ya kuma yi umurni da cika kwana talatin idan sama ta rufe. Malaman mazhabar Imamu Malik suka bayyana cewa wata yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko da ganin jama'a masu yawa waɗanda ba ya yiwuwa a al'ada su haɗu a kan ƙarya. Wanda ya gani shi kaɗai, wajibi ne ya kai maganarsa ga shugaba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu akwai wata mas'ala da ta dace kowane ɗalibi ya tsaya a kanta. Idan adilai biyu suka ce sun ga wata, aka ɗauki azumi, aka ƙirga kwana talatin cif, sa'an nan aka duba sararin sama garau ba a ga sabon wata ba, to, an ƙaryata shaidarsu. Watau malaman fiƙihu tun da can sun yarda cewa adali yana iya kuskure, kuma sama da kanta ita ce za ta gwada maganarsa.

To, me masu lura da sama suka tattara game da wannan halitta? Allah Maɗaukakin Sarki Ya faɗa a Suratu Yunus, aya ta 5, cewa Ya ƙaddara wa wata masaukai ne domin mutane su san ƙidayar shekaru da lissafi, kuma a Suratur Rahman Ya bayyana cewa rana da wata bisa lissafi suke tafiya. Da aka yi ta aunawa shekara da shekaru, an samu cewa daga haɗuwar wata da rana zuwa wata haɗuwar akwai kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaicin ƙiyasi. Bayan haɗuwar, wata yana nisantar rana da misalin daraja 12 a kwana guda. Wani masani Bafaranshe, André Danjon, ya tara rahotannin ganin jinjirin wata a shekarun 1930, ya gano cewa muddin tazarar ba ta kai misalin daraja 7 ba, hasken bai isa ido ya kama shi ba. Rahotannin da aka tantance daga baya sun nuna cewa da ido tsura ba a ganin watan da bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba, shi ma sai mai kaifin gani, a wuri mai tsabtar iska.

Kakuri kuwa ba ta cikin irin waɗannan wurare. Ga hayaƙin motoci, ga fitilun lantarki, ga kuma hazon hunturu wanda iska ke kwaso ƙurarsa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi. A shekarun da Ramalana ke faɗowa cikin wannan lokaci, rana kanta takan ɓace tun ba ta kai ga faɗuwa ba. A cikin irin wannan duhu-duhu, mutumin kirki, mai salla a sahun farko, yana iya hangen Zara, ko gefen girgije da ya sha jan almuru, ko farin layin da jirgin sama ya bari, zuciyarsa kuma tana ɗokin azumi, sai ya rantse ya ga wata. Bai yi nufin ƙarya ba, amma jama'a sun ɗauki nauyin kuskurensa. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta hana mutum bin abin da ba shi da ilminsa, ta kuma sanar da cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye su.

Mai shakkar ingancin wannan lissafi, ya tuna ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar na 1427. Tun da daɗewa masana suka faɗi ranar da sa'ar da za a yi husufin rana, da garuruwan da inuwar za ta ratsa. Da hantsi kuwa duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi, a Kaduna ma mafi yawan ƙwayar rana ya rufe. Husufin rana shi ne haɗuwar wata da rana a bainar jama'a. Saboda haka da wani ya zo a yammacin Talatar da ta gabata ya ce ya ga jinjirin wata, da safiyar Laraba ta ba shi amsa.

Wasu sukan ce wannan duk aikin 'yan duba ne. Lalle addini ya yi hani mai tsanani ga jingina arziki, ko mutuwa, ko ruwan sama ga taurari. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, an yi husufin rana, mutane suka danganta shi ga rasuwar, Manzon Allah ya gyara masu, ya umurce su da salla. Amma auna tafiyar rana da wata wani ilmi ne dabam, kuma Musulmi sun daɗe a cikinsa. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 828, an kafa wurin lura da taurari a Bagadaza. Ibnus Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne tsare lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, kuma yana cikin manyan masana falaki na zamaninsa. Imamu Ƙarafi, Bamalike, ya bambance a littafinsa Alfuruƙ cewa lokutan salla ana sanin su da lissafi, wata kuwa an rataya shi ga gani. Imamu Subki, Bashafi'e, ya tafi a kan cewa idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba ya yiwuwa, a mayar da shaidar. Mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne lissafi ba ya tsayar da wata, kuma a kan haka ake. Sai dai babu abin da ya hana mai karɓar shaida ya yi amfani da shi wajen tankaɗe maganar mai shaida.

Hanyar kuma a buɗe take. Rahoto yana bi ta hannun masu unguwa da hakimai da sarakuna har ya isa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da kwamitinsa na ganin wata, daga can sanarwa take fitowa. Abin da ya rage ga masallatan Kakuri shi ne kowanne ya zaɓi mutum uku ko huɗu masu lafiyar ido, su riƙa fita duba a ranar 29 ga kowane wata, har da Safar da Jimada waɗanda ba a damu da su ba, domin ido sai da sabo. Su ajiye littafi guda, su rubuta ƙarfe nawa rana ta faɗi, ƙarfe nawa aka ga watan, dama ko hagu da mafaɗar rana yake, ina ƙahonninsa suka fuskanta, akwai hazo ko babu. Daren da aka duba ba a gani ba, shi ma a rubuta shi da kwanan watansa.