Shin Dajin Rugu Yana da Laifi?

'Yan'uwa, duk wanda ya ji sunan Dajin Rugu a yau, 'yan bindiga ne ke fara faɗo masa a rai. Mutanen Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari ba za su manta da harin watan Fabrairu na 2020 ba. Saboda haka ba mu yi mamakin masu cewa a sare dajin nan ƙaf, a cinna masa wuta, kowa ya huta ba. Wanda ya binne ɗansa ba a hana shi fushi. Amma shin itace yana ɗaukar alhakin wanda ya laɓe a bayansa?

Dajin ya girmi wannan fitina nesa ba kusa ba. A zamanin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, zamanin su Ɗanwaire, duwatsun Ruma da duhuwar da ke kewaye da su ne mafakar talakawa. Inuwar da ta ɓoye kakanninmu ita ce yau take ɓoye masu kashe mu. Inuwar ba ta sāke ba, masu shigarta ne suka sāke.

Mu dubi abin da za a ƙone. Marke da maɗobiya suna kaɗe ganye da rani domin su tsimi ruwan jikinsu, har baƙo ya ɗauka sun mutu, alhali jira suke yi. Gawo kuwa, sai ya saɓa wa kowa: da damina yake tuɓewa, da rani ya yi kore, lokacin da makiyayi ya fi bukatarsa. Ga ɗorawa mai ba mu daddawa, ga kanya da taura da tsamiya, ga kirya wadda maƙera ba su da gawayin da ya fi nata. Ɗorawar da gatari zai kayar kafin azahar, sai ta shekara da shekaru kafin ta yi 'ya'ya, kuma yawancin masu cin amfaninta mata ne da yara na ƙauyukan Safana, waɗanda su ne fitinar ta fi cuta.

A ganinmu, hukuncin kisa ga dajin zalunci ne a kan jikokin da ba a yi shawara da su ba. Ba ma cewa ran itace ya kai ran mutum, ko kusa. Sai dai mun daɗe muna sarar dajin, buhun gawayi bayan buhu, har a 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itace daga cikinsa. Dajin ya yi ta raguwa a tsawon waɗannan shekaru, hare-haren kuwa a cikinsu suka tsananta.